Ba Fizge Ta Ya Yi Ba

Tarwaɗa ce aikin farko da Inna Kulu, yayar mahaifiyarmu, ta ɗora ni a kai, kuma ita zan fara ɗora ku a kai in da gaske kuke. Na ji abin da kuka faɗa ranar da kuka biyo ta rumfarmu da kayan makaranta, ke Asabe ƙanwata da ƙawayenki. Wai in jarrabawa ta ƙi, ko suyar kifi mutum ya kama, ai wuta ce da mai kawai. Ban tanka ba, domin har yanzu in na buɗe baki kan maganar kasko sai harshena ya sarƙe. A rubuce ba na in'ina, shi ya sa na zauna na rubuta muku.

Tarwaɗa tana isowa kasuwarmu ta Illela daga tafkin Kalmalo da sauran ranta, cikin jarkar da aka yanke wa kai, ɗaure a bayan babur. Kin sa hannu ta sulluɓe. Kin matse ta soke ki da ƙayar da ke gefen kanta, hannun ya wuni yana zugi kamar harbin kunama. Ta bayan kai ake kama ta, a buga mata guntun ice, sannan a murje ta da toka har yauƙin ya fita. A ɗauraye, a fede, a cire kayan ciki ba tare da an fasa maɗaciya ba. Kika fasa, kifi ya yi ɗaci, mai saye ya tofar a gabanki, gobe kuma rumfar gaba za shi. Karfasa sai an kankare mata ɓawo, a tsattsaga jikinta, a barbaɗa gishiri, a jera a kwando ta tsane. Tsanewar nan ita ce rabin sana'ar. Kifin da bai tsane ba in ya faɗa mai, man zai tashi ya neme ki a fuska. Ku dubi bayan hannuna na dama, ɗigo-ɗigon nan ba ƙyanda ba ce.

Kayan aikin ba su da yawa. Kaskon baƙin ƙarfe mai kunne biyu wanda ya girme ni, matsami mai dogon hannu, murhun da maƙeri ya yi mana da tsohon wilin mota, tsumma biyu na kama kunnen kasko, da bokitin yashi. Yashin nan ba na ado ba ne. In mai ya kama wuta, wadda ta watsa ruwa ta ƙona rumfa duka. Yashi ake zubawa, a kifa murfi. Dokar Inna ta farko kuwa ita ce ba a barin kasko a kan wuta a tafi. Cewa take, "Ko angonki yaz zo wucewa, ki gaishe shi da ƙeya."

Watan farkona ne shirwa ta koya mini abin da ya sa nake wannan rubutu. Na jera karfasa a tire, na duƙa ina hura wuta, sai na ji iska ta shafi ɗankwalina. Kafin in ɗago, babbar cikinsu ta yi sama tana reto a ƙafar tsuntsu. Na kwartsa ihu, "Inna, an ƙwace kifi!"

Inna ko motsi ba ta yi ba. Ta juya tarwaɗar da ke cikin mai, sannan ta ce, "Wa yaƙ ƙwace? Soja na?"

"Shirwa ce, Inna."

"To shirwa ba ta ƙwace, ke Luba. Hwaucewa takai."

Na ɗauka tsokana ce irin tata. Ashe karatu ne. Inna ta ce kowane mai ɗaukar abin da ba nasa ba da irin hannunsa, kowane hannu kuma da sunansa da maganinsa. Faucewa daga sama take zuwa, ta shirwa ce, maganinta raga a kan tire. Wafcewa daga ƙasa take, ta kyanwa da kare, maganinta ki san abin da ke ƙarƙashin teburinki. Zarewa ta mai daɗin baki ce, wanda zai tsaya yana tambayar lafiyar gida alhali yatsunsa na janye ƙaramin kifi daga ƙasan tsibi. Fizgewa abokiyar gudu ce, da jaka take tafiya, da waya, da gyale, galibi a kan babur. Don haka lalitarki cikin zane, ba a wuya ba. Wawaso na kowa ne, ranar da tire ya kife za ki ga har masu rawani sun duƙa. Ƙwace kuwa na mai ƙarfi ne, wanda zai dubi tsabar idonki ya ɗauka a hankali ba ya ko sauri.

"Wanga na ƙarshe ba ki da maganinshi sai Allah ya isa," in ji Inna. "Amma sauran, in kin kira kowane da sunanshi kin san inda za ki aza ido. In kuwa kinka yi kuwwa da sunan da ba shi ba, mutane su ruga inda ba nan ba."

Na yi dariya a lokacin.

Ranar kasuwa kasko ba ya sauka daga hantsi har la'asar. Direbobi sun fi son tarwaɗa da yaji mai yawa, a naɗe musu a takarda su ci a mota. Mutanen Ƙonni da na bayanta su tsallako boda da kuɗinsu na sefa, su ce kifinmu ya yi gishiri, su cinye, su ƙara. Manoman Lafani in sun sayar da albasa su zauna a benci su ci karfasa har ƙaya, suna lasar yatsa suna kukan farashin taki. Dab da mu, daga hagu, Hajaru ce mai kunun zaƙi, da 'yarta Balki wadda ta fara tafiya a bakin rumfarmu, tana dafa ƙafar bencin tana faɗuwa. Tsallaken layi kuma teburin Baba Garba mahauci, dattijo mai ƙaton ciki da murya kamar ganga. Kullum da safe sai ya leƙo.

"'Yan ƙarni, kun tashi lahiya? Yau ma ƙudan kasuwa duka wurinku sunka yo sallama."

Inna ta ce, "Daga teburinka sunka taso, Garba. Sun ce naman jiya na, ba su iyawa."

Haka muke, har shekarar da aka rufe boda.

Ba sai na ba ku labarin shekarar nan ba, kun ci tuwonta ba miya tare da mu. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda ta zo wa kasko. Masu sefa suka ɗauke ƙafa. Man gyaɗa ya yi tsadar da sai mu soya da mai ɗaya har ya koma baƙi. Tafkin Kalmalo ya ja baya, masunta na kawo 'yan ƙananan da a da kyauta ake ba yara. Mai faskare ma muka sallame shi, muka koma sayen ice dogo-dogo yadda aka saro shi, muna turawa cikin murhu a hankali, gindinsa na leƙe a kan hanya. Hayaƙin ɗanyen icen nan ne ya gama da idon Inna. Ta koma gida da zama, rumfa ta dawo hannuna ni kaɗai.

Kuma mutane suka canza. Yunwa na sa hannu tsawo, fizge ya yi yawa a layin tasha, kusan kowace kasuwa sai an yi kuwwa. Ga labarin 'yan bindiga daga ƙauyuka. Ga muryoyin da ake turawa a waya, wata mata tana kuka wai an sace yaro a gari kaza, wani mutum yana rantsuwa wai baƙi ne ke shigowa da buhu. Ba wanda ya san matar, ba wanda ya san garin, amma kowa ya saurara ya tura gaba. Mata suka riƙa ɗaure 'ya'yansu da ɗankwali a ƙafar tebur. Baƙon fuska in ya tsaya tambayar hanya sai ka ga an kewaye shi da ido.

Ranar da abin ya faru kasuwa ce, cikin bazara, bayan azahar. Na zuba tarwaɗa kenan, mai na tafasa. Balki na zaune a ƙasa tsakanin rumfarmu da ta uwarta, tana wasa da murfin jarka, sanye da wata rigar gwanjo ruwan ɗorawa mai sheƙi, irin yadin roban nan. Hajaru ta juya baya tana zuba wa wani kunu. Sai wani mai baro ya shigo layin da buhunan hatsi sun fi ƙarfinsa, yana "Hanya! Hanya!" Ƙafar baron ta taka gindin icen da ke leƙe. Icen ya ɗaga, murhu ya girgiza, kasko ya karkata.

Na cafe kunnuwan kaskon da tsumma kafin ya kife. Amma mai ya riga ya zuba ta gefe, ya sauka kan wuta, wutar ta bi shi a ƙasa kamar maciji, ta nufi inda Balki take. Ina kallo. Hannuna biyu na riƙe da kasko mai cike da tafasasshen mai, in na saki, duka zai kwarara kanta. Ban ko kai ga kiran Hajaru ba. Gefen rigar ya kama.

Wani ɗan dako ne ke tafe a bayan mai baron, dogo, siriri, da buhun albasa a ka. Ban taɓa ganinsa ba. Daga baya na ji sunansa Mahamadu, daga wani ƙauye can bayan Ƙonni, ta daji yake tsallakowa neman abin kai wa gida. Ya watsar da buhun. Taku biyu ya yi, ya sunkuya ya sungumi yarinyar, ya riƙa kashe wutar da tafin hannunsa, ya manna ta a ƙirjinsa, ya ruga. Can ƙarshen layi akwai kurar mai ruwa da jarkoki. Can ya nufa. Ni na ga inda idonsa yake.

A daidai nan Hajaru ta waiwayo. Ba ta ga wuta ba, jikinsa ya rufe ta. Abin da ta gani shi ne baƙon mutum yana gudu da 'yarta, 'yar na tsala ihu.

"Wayyo Allah! Jama'a! Ya hizge mini ɗiya! Ya hizge Balki!"

Ku da ba ku taɓa jin kasuwa ta tashi ba, ba zan iya kwatanta muku ƙarar ba. Ba ihu ba ne, wani gurnani ne da ke tasowa ta ƙasa, ka ji shi a tafin ƙafa. Wannan ya rarumi sanda, wancan ya zari ƙafar benci, wani ya suri dutsen awo. Kafin Mahamadu ya kai kurar ruwa an sa masa ƙafa. Ko da zai faɗi, da bayansa ya faɗi, yarinyar na bisa ƙirjinsa. Aka fincike ta daga hannunsa, aka miƙa ta baya hannu zuwa hannu har ta iso ga uwarta. Hajaru ta rufe ta da hijabi ta ruga cikin wani shago aka turo ƙofa. Ba wanda ya duba jikin yarinyar. Kowa na can gaba.

Na daidaita kasko a kan murhu, na janye icen, na watsa yashi a kan wutar ƙasa, na kifa murfi. Hannuna ne ya yi wannan, ni ban san na yi ba. Sannan na bar kasko na tafi, abin da ban taɓa yi ba.

Mutane sun yi zobe, bayan maza kawai nake gani. Ina jin saukar sanda a jikin mutum. Tsakanin duka da duka kuma ina jin muryarsa, bakinsa ya riga ya fashe, kalma ɗaya yake maimaitawa.

"Ruwa… ruwa…"

Wani ya ce, "Ku ji ɗan banza! Ƙishirwa shika ji!"

"Za ka sha ruwa a lahira!"

Ba don kansa yake roƙo ba. Ni kaɗai na san haka a duk wurin.

Na ce, "Ku bari! Ba haka ba ne!" Ko ni ban ji kaina ba. Na tura bayan wani, ya ture ni da gwiwar hannu ba tare da ya waiwayo ba. Sai na ga taya tana tafe a sama, ana miƙa ta bisa kawunan mutane. Daga wancan gefen kuma wani yaro mai sayar da fetur a kwalba, an karɓe masa galan ana gudu da shi. A Illela fetur ba ya da nisa da kowa.

Baba Garba na tsaye a gefen zoben, wuƙarsa a hannu, bai shiga ba bai kuma hana ba, yana leƙe. Na damƙi rigarsa ta baya na ja da duk ƙarfina har ta yage a kafaɗa. Budurwa ta kama rigar dattijo a tsakiyar kasuwa. Ya juyo a fusace, ya ga ni ce.

"Ke! Luba! Kin haukace?"

"Baba, na gani. Wallahi na gani. Kar a kashe shi."

Ya dube ni. Ya dubi rumfarmu, inda hayaƙi ke fita ta ƙarƙashin yashi, kasko ba kowa. Ina jin wannan ne ya sa ya yarda. Ya san 'yar Kulu ba ta barin kasko don wasa. Ya kama wuyan hannuna ya kutsa, yana ture mutane da ciki, yana ruri. "Ku kauce! Ku kauce, ko in hwara da ku!" Ya je ya raba ƙafa a kan Mahamadu, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, wuƙa a sama. An riga an rataya masa tayar. Warin fetur ya cika wurin, rabin galan ya zube a kan rigarsa.

"Ga mai shaida," in ji Baba Garba. "A gabanta anka yi. Ku ji ta, sannan ku yi abin da za ku gamu da shi gaban Allah."

Wani saurayi mai jar hula, ashana a hannunsa, ya matso har ina jin numfashinsa. Na san shi, yana cin kifinmu. Ranar kamar bai taɓa ganina ba.

"Ke, mi kinka gani? Ya ɗauki ɗiyar ko bai ɗauka ba?"

"Ya ɗauka, amma…"

Gurnanin ya tashi.

"Uwar ta ba shi?"

"A'a."

"Ya ruga da ita ko bai ruga ba?"

"Ya ruga. Amma ku tsaya…"

"To mi yar rage? Ita ma ta hwaɗi! Ya hizge ta!"

Duk abin da na amsa gaskiya ne, kuma kowace gaskiyar ƙara matso da ashanar take. Na ga ya zaro tsinke. Ina neman maganar da zan faɗa, doguwa, mai bayani, baro da ice da mai da riga, amma na san ba za su ba ni tsawonta ba. Kalma ɗaya ta kwantar da shi a nan, kuma wuri ɗaya ya rage, na kalma ɗaya. Na ce ɗauka, sun ji sata. In na ce sura, shaho za su gani da ɗan tsako. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da hannuna ke yi tun safe.

"Tsamo ta yay yi!"

Muryar ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har ta fashe.

"Ba hizge ta yay yi ba! Tsamo ta yay yi! Cikin wuta take, yat tsamo ta!"

Wani daga baya ya ce, "Tsamo ta? Ɗiyar kihi ta?" Mutum biyu ko uku suka yi dariya, irin dariyar da ke kuɓuce wa mutum. Dariyar nan ta sa aka yi ɗan shiru, kamar yadda mai ke lafawa in an janye ice. Ba a tsamo abu sai daga inda zai hallaka, kowa ya san wannan, ko yaro. Na ga wasu fuskoki sun fara tambaya.

"Wace wuta?" in ji mai jar hula.

Baba Garba ya soke wuƙarsa a ɗamara, ya duƙa, ya kamo hannuwan Mahamadu da ke ƙudundune a ƙirji, ya buɗe su, ya ɗaga sama.

Na sha ganin ƙuna, sana'ata ce. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Fatar tafin ta saɓule. Yadin rigar ya narke ya manne a cikin naman, ruwan ɗorawa, yana sheƙi a rana.

"Ɓarawo na yaka sato wuta da hannu?" in ji Baba Garba. "Ku je ku ɗauko ɗiyar. Ku ɗauko ta, ku buɗe!"

Ba a kai ga zuwa ba. Ƙofar shagon ta buɗe, Hajaru ta fito da kanta, ba hijabi, Balki a hannu, rigar ta cinye daga gefe har cinya. Ta buɗe ta a ciki ta gani. Tana tafe tana cewa, "Ta ƙone, jama'a, ɗiyata ta ƙone, wa yaƙ ƙona ta?" Sai ta iso ta ga hannuwan da ke sama. Ta tsaya. Ta zauna daɓas a ƙasa.

Mahamadu ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya rufe da kumburi. Ya ce, "Ku sa mata ruwa."

Na waiwaya in ga mai jar hula, babu shi. Sanduna a ƙasa, ƙafar benci, dutsen awo. Zoben ya narke. Waɗanda suka rage duk 'yan kallo ne, kowa yanzu ya iso, kowa na salati yana tambayar mi ya faru. Baba Garba da mai kurar ruwa suka cire masa tayar, suka kwarara masa jarka guda don fetur ɗin, aka sa shi da Balki da uwarta a mota ɗaya zuwa asibiti. Ni na koma rumfa. Tarwaɗar ta zama gawayi a ƙarƙashin murfi. Na zauna ina kankare kaskon har aka yi kiran magariba, ban iya tsayar da hannuna ba.

Da na gaya wa Inna, ba ta ce komai ba sai, "Kin hidda icen kahin ki tahi?" Na ce na fitar. Ta ce, "To." Sannan ta juya fuska bango, na ji tana jan hanci. Washegari ta sayar da tunkiyarta ta ce a dawo da mai faskare. Tun ranar ba a ƙara tura dogon ice a murhunmu ba. In kun zo koyo, wannan ma doka ce. Kuma kowane yaro ya zauna kusa da kasko, ku ɗaga shi ku mayar wa uwarsa ko za ta zage ku.

Balki ta warke, tabo ne ya rage a cinya. Hajaru ta daina magana da ƙarfi, ko cinikin kunu da hannu take nunawa. Ita ta riƙa dafa abinci tana aikawa asibiti, amma ba ta taɓa iya shiga ta gan shi ba. Ni ma har yau in yara suka yi ihun wasa a layi sai matsami ya faɗi daga hannuna.

Abin da ban zata ba shi ne kalmar farko ba ta mutu ba. Waɗanda suke wurin sun yi shiru don kunya. Waɗanda ba sa wurin su ke ba da labari, kuma abin da ya iso kunnensu shi ne kuwwar Hajaru. A waya ma an tura, wai an kama mai satar yara a kasuwar Illela. Mata na zuwa sayen kifi su ce, "Ashe nan ne anka hizge ɗiyar mai kunu?" In ce ba fizge ta aka yi ba, in fara bayani, su ce, "Allah dai shi kyauta," su karɓi kifinsu su wuce. Bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar mai saye.

Bayan damina ta faɗi Mahamadu ya dawo kasuwa. Yatsunsa na dama sun manne da juna, ba ya iya damƙar kunnen buhu, sai a ɗora masa a sauke masa. Masu kaya ba sa son ɗan dakon da sai an taya shi. Yara kuma suka gane shi, suna binsa daga nesa suna "Mai hizge! Mai hizge!" Baba Garba ya kori wasu da bulala, suka koma wani layin suka ci gaba.

Wata ranar kasuwa da hantsi sai ga shi a bakin rumfata, da ƙullin kayansa a kafaɗa. Ya yi sallama a hankali, ya tsaya nesa da benci.

"Ke ta mai kihin?"

Na ce ni ce.

"An ce ke kinka yi magana. Ni ban ji ba, kunnena ya toshe lokacin. Na ce ba ni wucewa ban yi godiya ba. Gida za ni, ba ni komowa."

Na naɗe masa tarwaɗa mafi girma, ya karɓa da gefen hannu ya matse a ƙirji. Baba Garba ya tsallako yana cewa, "A'a, kihi za ka kai gida? Tsaya in yanko maka abincin mutane." Mahamadu ya yi murmushi, haƙoransa na gaba babu.

"Ɗiyar hwa? Ta samu sauƙi?"

Hajaru na jin mu. Ta miƙe daga bayan tukunyar kununta, ta kamo hannun Balki ta fito da ita. Ina jin ta daɗe tana shirya abin da za ta faɗa. Ta durƙusa a gabansa har ƙasa, ta ce, "Balki, gaida babanki. Shi yat tsamo ki."

Yarinyar ta ɗaga kai ta dube shi. Abin da ta tuna ita ta sani: zafi, da gudu, da wannan fuskar. Ta ƙanƙame uwarta ta tsala ihu, irin na ranar, har ƙarshen layi.

Kawuna suka juyo. Wani mai shago ya leƙo. Na ji benci ya motsa a bayana.

Mahamadu ya saki kifin ya faɗi ƙasa. Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, a buɗe iyakar yadda suke buɗuwa, ya juya su hagu ya juya su dama don kowa ya gani babu komai a ciki. Hajaru na kiran sunansa, Baba Garba na cewa, "Sauke, yaro, sauke, ba kowa." Bai sauke ba. Da baya da baya ya riƙa tafiya, idonsa a kan mutane, hannuwan a sama, har ya kai ƙarshen layi ya sha kwanar hanyar boda.